Ƙamus ɗin Baba da 'Yar Zariya

A Makka aka haife ni, a unguwar Mansur, a hawa na biyu na wani tsohon gini da ke kan shagon mai tamis, faffaɗar gurasar nan da muke ci da wake da safe. Mu huɗu ne a wurin mahaifinmu. Ni ce babba, ni kaɗai ce mace, kuma ni ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Na faɗi wannan tun da wuri don a san cewa na tashi ban saba raba shi da kowa ba.

Baba ya zo Makka yana saurayi. Daga Zariya ya rako kakanmu aikin Hajji, kakan ya rasu a nan kafin su juya, shi kuma ya yi ta ɗage komawa har ya daina zancenta. Kafin ya baro gida ya yi makarantar boko, inda wani Bature ya koya musu Turanci irin na da, ya haɗa musu da ɗan Latin, tsohon harshen Rumawa wanda kalmomin Turanci da yawa suka fito daga cikinsa. Turancin nan ne ya ciyar da mu. Shekara da shekaru Baba yana aiki a ofishin wani mudawwif, wato mai kula da masaukin alhazai da zirga-zirgarsu, yana cika takardu, yana yi wa baƙi tafinta.

Yana da wani ƙaton ƙamus mai baƙin bango, wanda wani alhaji ya bar masa don ya rage nauyin kaya. Ba ma'ana kaɗai ƙamus ɗin ke bayarwa ba, har da inda kalma ta samo asali. In an sauko daga sallar la'asar sai ya zauna kusa da taga, ya ajiye shayi da na'ana a gabansa, ya buɗe shi kamar yadda wani zai buɗe jarida. Ƙannena suna waje suna ƙwallo, ni ina gefensa. Na tuna wata rana, ina 'yar shekara tara ko goma, ya yago tamis ya miƙo mini rabi, ya ce, "Uwata, yau kin zama companion ɗina. Com, tare. Panis, gurasa. Wanda kuka ci gurasa tare, shi ne abokin tafiyarka." Na yi kwana da kwanaki ina faɗa wa 'yan ajinmu, ba wadda ta damu.

Saboda shi na karanta Turanci a jami'a, na zama malamar Turanci a makarantar 'yan mata. Na yi aure, na koma wata unguwa. Mahaifiyarmu ta rasu, idon Baba ya fara yana, aka yi masa aiki bai wani amfana ba. Ya kai ba ya iya ganin ƙananan haruffan ƙamus ɗin. Sai na ɗauki al'adar zuwa kowace Alhamis in an tashi daga makaranta, in karanta masa. Zan faɗi gaskiya a kaina: cikin gaggawa nake karatun. Ido ɗaya a shafi, ɗaya a waya. In ya ce, "Wannan da Hausa me za mu ce mata?" sai in ba shi da Larabci in wuce, domin Hausata a lokacin irin tamu ce ta haihuwar nan, kalma biyu Hausa ta uku Larabci. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni kuma na ɗauka ya wadatu.

Autanmu shi ke zaune da Baba a gidan. Da ya tashi aure sai Baba ya nema masa 'yar ƙanwarsa daga Zariya. Aka daɗe ana fama da takardu, sannan ta iso. Siririya ce, ba ta da yawan magana, ba ta jin Larabci sai na sallah da karatun allo. Ni na shirya mata ɗaki, ni na kai ta kasuwa ta sayi abaya. Na tausaya mata sosai a makonnin farko, irin tausayin da ke da daɗi a zuciyar mai yin sa. An ce mini ta yi karatun Turanci a can, amma ban ɗauki zancen da wani nauyi ba.

Wata Alhamis na iso a makare. Tun daga matakala na jiyo dariyar Baba, irin wadda rabon da in ji ta tun mahaifiyarmu na da rai. Na shiga na tarar da Amarya zaune a kan matashin da nake zama, ƙamus ɗin buɗe a cinyarta. Ta yunƙura za ta tashi, Baba ya ce, "Zauna abinki. Uwata, zo ki ji. Kin san ni avuncular ne?"

Na ce, "Na san kalmar, Baba. Mutum mai sakin fuska ga yara."

Ya ce, "Wannan ma'anar yanzu ke nan. Malama, faɗa mata asalin."

Na juya ina neman wace ce Malama. Ni ce nake tashi tun asuba in tsaya gaban 'yan mata talatin da alli a hannu, amma ba da ni yake ba.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Daga avunculus ne, Yaya. Ɗan'uwan mahaifiya. Kawu ke nan. Su ma Rumawa sun raba kawu da baffa kamar mu, Turawa ne suka haɗe su suka ce musu abu ɗaya."

Baba ya buga cinyarsa ya ce, "Kin ji! Kawu! Ga ni kuwa kawunta. Shekara nawa ina da kalmar nan a cikin littafi, ba wanda zai kira ni da ita, sai yau."

Na yi murmushi, na ce ma sha Allah, na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, alhali ga shayi a gabansu. Na tsaya ina kallon butar har ta tafasa.

Daga ranar abin ya zama kullum. Ni sau ɗaya nake zuwa karatun a mako, ita tana gidan. Duk Alhamis sai in tarar sun yi nisa, suna da raha tasu da ban san farkonta ba. Ranar da suka kai kan pilgrim, wato mahajjaci, na tarar suna tsaka da ita. Ta karanto masa cewa daga peregrinus take, baƙo, wanda ya ratso gonaki ya zo. Baba ya ce to ai kakanninmu da suka taho da ƙafa ta Sudan su ne peregrinus na gaske, sukan shekara suna noma a hanya kafin su ƙara gaba. Ita kuma ta ce kakarta ta taɓa ba ta labarin wani ɗan'uwansu da ya tafi haka ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baba ya san mutumin. Ya san unguwarsu, ya san rijiyar ƙofar gidansu. Suka bar ƙamus ɗin suka shiga Zariya, lungu lungu, ni ina zaune da jakata a cinya kamar wadda ta zo jiran likita.

Ba Turancinta ne ya fi ƙona mini rai ba. In Turanci ne na magana da na jarrabawa, na fi ta, kuma ta sani. Hausarta ce. In Baba ya ce, "Wannan me za mu ce mata?" ba ta ko tsayawa tunani, sai ta kawo kalma biyu ko uku, su zauna suna zaɓe kamar masu tsintar shinkafa. Wasu kalmomin ban taɓa jin su ba. Kuma na lura muryar Baba kanta takan canza in yana magana da ita. Larabcin da ya saba cusa mana a zance sai ya zube, wata Hausa ta fito mai tsabta, wadda ashe tana nan a bakinsa duk shekarun nan, mu ne ba mu isa ya yi ta da mu ba.

Na yi wa maigidana ƙorafi. Ya ce, "Ba ke kike cewa Alhamis tana gajiyar da ke ba? Ga shi Allah ya kawo miki mai taya ki."

Na ce, "Ban ce a taya ni ba."

Ya dube ni ya ce, "To me kike so?"

Na tashi na bar masa ɗakin, domin in na faɗa da baki zan ji kunyar kaina.

Sai na shirya mata tarko. Na zauna da waya na yi ta laluben tsofaffin kalmomi har na sami wadda nake ganin ba za ta sani ba, na haddace asalinta kamar mai shirin jarrabawa. Ranar Juma'a dukkanmu muke haɗuwa a gidan Baba bayan masallaci, ƙannena da matansu da yara. Ranar na kawo shinkafar buhari, dafa-dukan mutanen nan, da kaza, ita kuma ta tuƙa tuwo da miyar kuka da daddawar da ta taho da ita. Baba ya ɗanɗana shinkafata ya sa albarka, sannan ya jawo kwanon tuwon ya cinye. Wannan ma na ƙirga shi a zuciyata.

Da aka kawo shayi sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Amarya, tunda ke ce Malamar gidan nan, mece ce egregious?"

Ta ce, "Na taɓa cin karo da ita. Ina jin abin da ya yi muni ƙwarai ne, kamar a ce kuskure babba. Amma asalinta, wallahi Yaya ban sani ba."

Abin da nake jira ke nan. Na gyara zama na zuba: e na nufin daga, grex kuma garke, wato wanda ya fita daga garke. Na ce a da kalmar yabo ce, ana faɗa wa wanda ya yi fice a cikin mutane, daga baya ta juye ta zama ta zargi. Na gama na dubi Baba.

Ya ce, "Haka ne, Uwata. Kin yi daidai." Sannan ya juya wajenta ya ce, "Malama, kin taɓa ganin Bafulatani ya ware saniya daga garke?"

Ta ce, "Na sha gani, Kawu. Ai dalili biyu ke sa a ware ta. Ko ta fi sauran kyau za a kai ta kasuwa, ko kuwa ta kamu da ciwo ana gudun ta shafa wa 'yan'uwanta."

Baba ya ajiye kofin shayinsa ya tafa hannu. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka! Shi ya sa kalmar ta yi fuska biyu. Littafin ya faɗi cewa ta juye, amma bai faɗi yadda aka yi ba. Ga shi kin faɗa."

Ni ban taɓa ganin garken shanu ba. Abin da na sani shi ne tumakin da ake jibgowa a manyan motoci lokacin Hajji. Kalmar da na kwana biyu ina haddacewa, na ɗauko na miƙa mata da hannuna, ta mayar da ita tata a gaban kowa, kuma ba da mugunta ba, wanda shi ya fi ciwo. Matar ƙanena na biyu ta dube ni ta gefen ido ta kau da kai. Na san ta gane.

Mako biyu bayan haka na lura bangon ƙamus ɗin ya fara rabuwa da jikinsa saboda yawan buɗewa. Na ce, "Baba, littafin nan zai watse. Na san wani mai ɗinkin littattafai, bari in kai masa." Ya shafa bangon ya ce to, amma kada ya daɗe. Na sa shi a jaka na tafi da shi gida, na buɗe kabad na tura shi ƙarƙashin zannuwan gado. Ban kai shi ko'ina ba.

An yi hutun makaranta, Hajji ya matso, maigidana yana can Mina kullum wajen shirya tantuna, domin duk shekara yakan yi aikin jagorar alhazai. Ba wanda zai tambaye ni. Baba ne kawai yakan kira ya ce, "Uwata, mai ɗinkin bai gama ba?" In ce, "Aiki ya yi masa yawa, Baba, ka san lokacin nan." Ban taɓa yi masa ƙarya ba kafin wannan, kuma na yi mamakin yadda ta zo mini da sauƙi.

Na zaci in babu littafin zamansu zai mutu. Da na je Alhamis sai na tarar ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta. Baba yana jawo kalmomin daga kansa, ita tana rubutawa. Kuma da yake babu shafin da zai tsare shi, kowace kalma sai ta jawo labari. Na tarar yana ba ta labarin ranar da Baturen nan ya koya musu succour, wato agaji, ya ce asalinta a ruga a tallabo mutum daga ƙasa, har ya sa wani ɗan ajinsu ya faɗi da gangan don sauran su rugo su ɗaga shi, yaron kuwa ya faɗi da gaske ya fasa haɓa. Shekara arba'in da wani abu ina 'yarsa ban taɓa jin labarin nan ba. Na koma gida na fi da baƙin ciki.

Wata safiya bayan yara sun fita na jawo ƙamus ɗin na buɗe, ban ma san me nake nema ba. A gefen shafuka akwai ƙananan rubutu da fensir, da haruffan Larabci. Na saba ganinsu, ban taɓa tsayawa na duba ba, na ɗauka fassarar Larabci ce. Da na kai ido kusa sai na ga ajami ne. Hausa ce Baba ya yi ta rubutawa, tun idonsa na gani, kalma gefen kalma, shafi bayan shafi. Wasu na gane, da yawa ban gane ba. Na tsaya a kan sojourn. Ƙamus ɗin ya ce ɗan zama na wucin gadi a wurin da ba gidanka ba, kuma tushenta a Latin kalmar yini ce, kamar a ce ka yini a wuri ka wuce. A gefenta Baba ya rubuta ci-rani, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na karanta na sake karantawa. Na san ci, na san rani, amma ban san yadda ake cin rani ba.

A cikin mako na uku da ɗauke littafin, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Amarya ce, autanmu ya sauke ta ya wuce aiki. Ta kawo mini dambu a kula. Muka gaisa, na zuba mata ruwan sanyi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Ta ce, "Yaya, na zo ne a kan littafin Kawu. Jiya ya ce a kai shi wurin mai ɗinkin da kansa, ya roƙe shi ya yi sauri. Na ce masa ya bari rana ta yi sauƙi tukuna. Ban san me zan ce masa gobe ba."

Na ce, "Sai ki ce masa yana wurin mai ɗinki."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta taɓa haɗa ido da ni sosai. Ta ce, "In na yi miki laifi ki faɗa mini, in ba ki haƙuri. Amma kada a hukunta Kawu saboda ni."

Maganar ta sosa ni, na ce da zafi, "Ubana ne. Ba sai kin koya mini yadda zan kula da shi ba. Kafin ki zo wa yake karanta masa?"

Ta ce, "Ke ce. Kullum sai ya faɗa."

Na ce, "To ki bar mini wurina."

Ta ajiye kofin a hankali. Ta ce, "Yaya, ke kina da makaranta, kina da ƙawaye, in kin fita titi kowa yana jin abin da kike faɗa. Ni in na je shago nuni nake yi da yatsa. Ƙanenki mutumin kirki ne, amma in ya gaji Larabci ke fitowa daga bakinsa, in ya yi dariya a waya ban san me ya ba shi dariya ba. Matan gidan sama suna kirana da wani suna, har yau ban san ko zagi ba ne. Daga la'asar zuwa magariba ne kawai nake buɗe baki in yi magana a gane ni. Ban san wurinki na zauna ba. Na ga wuri ne babu kowa."

Da a ce ta yi kuka da na sami abin rainawa. Ba ta yi ba. Na zauna ina jin haushinta, ina jin kunya, kuma haushin bai ragu ba don kunyar ta zo. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ƙamus ɗin na ajiye a gabanta, bangon yana reto yadda na karɓo shi. Na buɗe shafin sojourn na nuna mata rubutun fensir ɗin na ce, "Mene ne wannan?"

Ta karanta a hankali, tana bin haruffan da yatsa. Ta ce, "Ci-rani. In an gama girbi, maza sukan bar ƙauye su tafi birni neman abin yi, su yi dako, su yi ga-ruwa, duk abin da ya samu. Ba zama suke zuwa yi ba. Da ruwan farko ya sauka sai su tattara su koma gida su yi shuka." Ta kalli layi biyun da ya ja. Sannan ta ce, "Allah sarki, Kawu."

Ta gane shi cikin daƙiƙa ɗaya. Ni da na tashi a gefensa, sai da aka yi mini fassara. Ko a wannan lokacin, da ya kamata in yi tunanin Baba kaɗai, abin da ya fara zuwa raina ke nan.

Da la'asar na kai ƙamus ɗin wurin mai ɗinki da gaske. Kwana huɗu ya yi ya gama. Na kai wa Baba da kaina, na sa masa a hannu. Ya shafa sabon bangon, ya shinshina, ya ce, "Aikinsa ya yi kyau. Sai dai ya jinkirta."

Na ce, "Ba shi ya jinkirta ba, Baba. Ni ce."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan. Muryarki in kina ƙarya irin ta mahaifiyarki ce, sama take yi."

Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ce malama, Baba. Shekara goma sha tara ina koyarwa. Ba ka taɓa ce mini Malama ba."

Ya yi dariya har ta sa shi tari, Amarya ta rugo da ruwa daga kicin. Da ya lafa sai ya ce, "Ashe abin da ke cin ki ke nan? Yo ina malama ina uwa? Sunan da na ba ki ba wanda zan sake ba wa." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ko minti biyar ba a yi ba ya ce, "Malama, buɗe mana inda muka tsaya," sai na ji kishin ya dawo mini sabo.

Haka muka ci gaba, mu uku kowace Alhamis. Na daina duba waya. Ni nake karanta Turancin, ita take kawo Hausar, Baba yana yanke hukunci. Na fara kai ta kasuwa ina koya mata Larabcin ciniki, na kuma gano sunan da matan gidan sama ke kiranta da shi, na hau na same su, ba su ƙara ba. Ita kuma ta riƙa gyara mini Hausa, da farko a tsorace, daga baya ba tsoro. In akwai wani abin kirki a Hausar da nake rubuta wannan da ita, daga wurinta ne. Muna shiri, mutane ma suna cewa kamar ciki ɗaya muka fito. Amma ban taɓa shiga ɗakin nan na jiyo su suna dariya kafin in iso ba, ba tare da kishin ya ɗan motsa ba.

Baba ya rasu bayan shekara biyu, da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa sallah a Harami. Da aka zo raba 'yan kayansa, na sami agogonsa da dardumarsa da tabaransa. Ƙamus ɗin kuwa autanmu ya ce Baba ya bar magana a kansa: a bar shi a gidan da ake karanta shi. Na ce hakan ya yi daidai. Na sauko na shiga mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka, kuma Allah ya sani ba duka kukan na rashin uba ba ne.

Bara 'yata ta tsakiya, mai shekara goma sha huɗu, ta fara cewa a kai ta gidan kawunta ranar Asabar. Na ɗauka jaririyar Amarya take zuwa gani. Wata rana ta dawo ta tarar da ni ina yanka albasa ido na zuba, ta ce, "Mama, kin zama lachrymose. Daga lacrima, hawaye. Anti ta ce da Hausa mai saurin kuka, ko mai arhar hawaye."

Na ce, "Na san kalmar. Da kin tambaye ni ai da na faɗa miki."

Ta ce, "Na sani, Mama, amma Anti ta fi iya bayani."

Na ce ta je ta wanke hannu ta zo ta jajjaga mini tattasai. Asabar ɗin da ta biyo baya ban bari direba ya kai ta ba. Ni na tuƙa ta, na ɗauki takardun jarrabawar 'yan ajina na ce zan yi makin a can. Na zauna a bakin ƙofar falo da jan biro a hannu, ina jin su, har aka kira magariba ban gama takarda uku ba.